Ranar da Aka Hana Ni Salati

Ranar kasuwar garinmu ce, tsakiyar damina. Gero ya fi mutum tsawo. Na yi asuba, na sha kunun da ya kwana, na ja ƙafata zuwa asibitin agaji da ke bakin gari, can gefen Runka. Asibiti dai ake ce mashi don kara. Ajin makaranta ne guda biyu da tanti a tsakar fili, sai a-kori-kura ɗaya mai katifa a baya.

Gyambo ne ya fara kai ni wurin. Aka yi ta wanki, ya ƙi warkewa, ni ma na ƙi tafiya. Da suka ga ba rabuwa da ni za su yi ba, sai suka ba ni tsintsiya da bokiti. Sunana Tanko. Bokona na yaƙi da jahilci ne, kuma duk wanda ya ga rubutuna ya san wanda ya ci yaƙin.

Nas biyu ke riƙe da ɗakin mata. Sista Hajara 'yar Batsari ce, ɗiyar mahauta, gajera, muryarta kamar ta mai shela. Sista Dije daga wata ruga take ta wajen Tsaskiya, doguwa, magana sai an roƙa. Tare suka yi makarantar jinya, ɗaki ɗaya, tukunya ɗaya. Ɗiyar Hajara ta fari Khadija aka sa mata, don Dije.

Sai 'yan bindigar daji suka kashe Sani, ƙanen Hajara, a hanyar sayen shanu. Ba a yi arba'in ba aka kawo wani saurayi da harsashi a cinya. Babu bindiga tare da shi, amma kafaɗarsa da kantar igiyarta. Dokar ƙungiyar agajin ita ce ba a tambayar majinyaci ko shi waye. Hajara ta cire safar hannu ta fita. Dije ta ɗinke shi, tana yi mashi magana da Fulatanci don ya daina zillo.

Da yamma suka haɗu a bakin randa. Ina nan ina shara, sharar da ba ta ƙarewa in ana rigima. Hajara ta ce jini ba ya ƙarya, kowa ya san nasa. Dije ta ce ai mahauci ma ba ya tambayar saniya ta wace ruga ce in ya same ta da araha. Daga ranar aka rufe baki. Gari ya fara kiran Dije infoma, mai kai wa 'yan daji rahoto. Hajara ba ta taɓa faɗa ba, ba ta kuma taɓa musawa ba. Shanun uban Dije kuwa mutanen dajin nan ne suka kore su kaf, amma wannan ba wanda yake son ji.

Aiki dai bai san gaba ba. Kowace safiya sai mai sauka ta miƙa wa mai hawa aiki, gado-gado, a gaban majinyaci. Sai suka maishe ni waya. Wannan ta tsaya hagu, waccan dama, ni a ƙafar gado da tsintsiyata.

"Tsoho, ka ce mata wannan ta sha allurar asuba."

"Baffa, ka ce mata na gani, ba makauniya ba ce ni."

Ni kuma sai in ƙara gishiri. In Hajara ta ce ruwa ya kusa ƙarewa, in ce ta ce wai in kina da ido ki duba sama. Sunayen magani kuwa yanka su nake ba bisimilla. Ba su taɓa gyara mani ba, don duk wadda ta gyara ta nuna tana sauraren ɗayar.

Safiyar ranar haka muka yi. Hajara ta sauka, ta shiga ɗakinta a bayan aji ta kwanta. Babban asibitin ya hau babur ya tafi Safana karɓo magani. Garba direba na gindin darbejiya yana dara.

Da hantsi aka kawo Sa'ade, matar wani maƙeri, haihuwar fari. Uwarta Iya Abu ke riƙe da ita. Kafin azahar na ji kukan jariri, na fara shirya bakina don goron albishir. Ban ji guɗa ba. Sai Dije ta leƙo, hannunta ja har gwiwar hannu.

"Baffa, ka ce mata jini ya ɓalle."

Ban ƙara gishiri ba. Hajara ta fito ba ko takalmi.

Suka yi allura, suka sa ruwa, suka murza ciki. Jinin ya tsaya, ya dawo. Bokitina na kai na kawo. Ni an daɗe da daina ƙirga ni cikin maza, shi ya sa nake shiga ɗakin. Daga ƙarshe Dije ta dunƙule hannu ta danna cikin Sa'ade wajen cibiya, ta ɗora dukan nauyinta. Jinin ya ragu. Na sha ganin wannan aikin. Mai danna ba ta ɗagawa sai wani hannu ya shiga gurbin nata, ko da sama za ta faɗo. Hajara ta ƙwala wa Garba kira ya juyo da mota, Safana za a kai ta.

Ladan ya fara kiran la'asar muna cicciɓar ta zuwa katifa. Ya kai shahada ta biyu. Bai ƙarasa ba.

Abin da na fara ji kamar zuma ta tashi a kogon kuka. Babura ne, daga yamma, ta cikin gero. Sai tau, tau, guda biyu. Sai kakakakaka, ba numfashi. Kasuwa ta yi ihu da murya ɗaya. Awaki suka tsinke igiya. Wata mata ta wuce mu a guje da faifai a hannu, ba ɗankwali, tana kiran sunan wani yaro.

"Garba, tayar!"

"Iya, hau! Riƙe yaron!"

"Ku shiga gero! Ku bar kayan!"

Masu jinyar tanti suka watse cikin gona, wani da allurar ruwa a hannu yana jan igiyarta. Akwai wani tsoho mai karaya da muka bari a kwance. Ya ɗaga mana hannu, ban san ko sallama ba ce ko daƙuwa. Daga baya aka same shi da rai a ƙarƙashin gado, sai na gane daƙuwa ce.

Ni na yi niyyar gudu. Zuciyata ta kai Runka, ƙafata tana bakin tanti. Garba ya sunkuce ni kamar buhun dusa ya jefa baya. Na faɗa wajen ƙafafun Sa'ade, sai na ɗora su a cinyata. Hajara ta danƙa mani ledar ruwa ta ce in ɗaga sama, in na sauke ta kashe ni kafin su. Iya Abu ta jingina da kan mota, jariri a ƙirji, kan ɗiyarta a gefen cinyarta. Dije na durƙushe, hannu bai motsa ba tun daga ɗaki. Muna fita mata biyu da 'ya'yansu suka ɗare. Sai Lawal mai faci, ya kama ƙarfe ya haye, rigarsa a yage.

Na waiwaya sau ɗaya. Uku-uku suke bisa kowane babur, fuska a naɗe. Rumfunan mahauta sun kama da wuta. Wani abu ya wuce kunnena, fiii, madubin Garba ya tarwatse. Ban sake waiwaya ba.

Garba ya bar babbar hanya ya bi ta shanu. Laka, rami, laka. Duk ramin da muka faɗa sai Dije ta tashi sama ta dawo, hannun na nan. Sa'ade na nishi a hankali. Tana tambayar mace ce ko namiji. Iya Abu ta ce namiji. Ta sake tambaya.

Harbin ya koma baya, ya zama kamar ana sussuka a wani gari. A nan bakin Lawal ya buɗe. Yana kallon hayaƙi yana kuka, don matarsa da tsohuwarsa na cikin kasuwar. Sai ya juyo kan Dije.

"Ita ta kira su! Na gan ta da safe tana waya da yarensu!"

Dije ba ta ɗago ba. Uwarta take kira kullum da safe, kowa ya sani, har shi.

"A sauke ta! Garba, tsaya a sauke ta!"

Ɗaya daga cikin matan ta kama. Ta tofa wa Dije yawu a hijabi. Ɗayar ta ce wa ya sani ko kashe yarinyar take yi da wannan dannar. Na dubi Hajara. Kalma ɗaya daga bakinta ta isa ta rufe su duka. Tana duba allurar hannun Sa'ade kamar ba ta cikin motar.

Can Dije ta ce, "Baffa, ka ce mata hannuna ya mutu."

Hajara ta matso da gwiwa. Ta dunƙule nata ta jera da na Dije, kafaɗa na gogar kafaɗa. Kowace na kallon wani gefe. Wannan ta zare, waccan ta danna, ko ɗigo bai ƙaru ba. Haka suka yi ta karɓeɓeniya. Mota ta kafe a wani kwazazzabo, Lawal da matan suka tura, suka dawo suka ci gaba da zagi daga inda suka tsaya. Ruwan ledata ya kusa ƙarewa. Hannuna ma ya mutu, amma ni ba wanda zan aika ya faɗa.

Rana ta yi ja sa'ad da muka hau wani tudu. Daga nan ake hango gada, kuma a bakin gadar an gitta itace. 'Yan sa-kai ne, sun fi cikin masallacin unguwa. Bindigar adaka, adda, gora, riguna sun yi nauyi da layu. Sun ji harbin, sun ga hayaƙin. A gefen hanya akwai wani mutum a kwance rub da ciki, malafarsa a gefe, sandarsa a gefe. Ba ya motsi. Jarkar nono ta fashe kusa da shi.

Lawal ya miƙe tsaye. Dije ta ga abin da na gani. Ta gyara hijabinta, ta haɗa hannuwa a cinya. A lokacin hannun Hajara ne a cikin Sa'ade.

Ƙafafun da ke cinyata suka miƙe. Yatsun suka buɗe. Leɓen Sa'ade na motsi, ba sauti. Na zauna da masu mutuwa da yawa, na san wannan miƙar. Lokacin da ake matsowa kunne ne a laƙƙana wa mutum kalmar shahada. Iya Abu na gyara wa jariri zane, ba ta gani ba. Hajara ta gani. Ta dubi fuskar, ta dubi gada. Sai ta sunkuya, ta saki hijabinta ya zubo tsakanin uwar da ɗiyar kamar labule.

Ƙafafun suka saki.

Na buɗe baki in yi salati. Hajara ta miƙa ƙafa ta take mani gyambo da diddige. Abin da ya fito daga bakina ba salati ba ne, kuma ba zan rubuta shi ba.

"Tsoho, ka ce mata ta karɓa. Yanzu!"

Dije ta matso. Ta sa hannunta. Mai wannan aikin tana jin bugun jijiya a ƙarƙashin dunƙulenta, in babu ta sani nan take. Na ga bayanta ya sandare. Ta ɗago ta kalli Hajara cikin ido, abin da ban gani ba tun rasuwar Sani. Hajara ta ja zane ta rufe rabin fuskar Sa'ade, wai rana. Ta ɗaga mani gwiwar hannu sama da ledar da ba komai a cikinta.

"Tsaya! Kashe mota!"

"Kowa ya sauko!"

Suka kewaye mu. Warin wiwi da turare da gumi. Babbansu baƙi ne mai tsagar gado, layu har wuya, madubi a ƙirjin riga. Lawal bai jira tambaya ba.

"Ga ta nan! Infoma ce! Ita ta ɗinke nasu!"

Bakin adaka ya zo ya taɓa kafaɗar Dije.

"Ke, sauko."

Ba ta motsa ba. Idonta na kan dunƙulenta. Wani ya kama gefen hijabinta ya fizga.

Sai Hajara ta miƙe. Rigarta ja ce daga ƙirji zuwa gwiwa. Ta ware hannuwa, safar na ɗiga.

"Kai, ɗan wane ne kai? Ni ce yayar Sani mahauci na Batsari, wanda aka kashe a hanyar nan. In akwai mai bin matar nan jini, ni ce, ba kai ba. Amma in ta ɗaga hannun nan yarinyar mutane ta tafi. Kana son ta? Hau ka karɓe ta. Sa hannunka inda nata yake. Jinin biƙi ne, ga shi nan, har yanzu da ɗumi."

Ta yarfa hannu. Ɗigo ya sauka a ƙasa gab da takalminsa.

Ban taɓa ganin ƙarti sun ja baya da sauri haka ba. Wanda ya sha maganin bindiga ba ya wasa da jinin haihuwa, an ce ko ɗigo ya taɓa shi asirin ya karye. Mai riƙe da hijabi ya saki, yana duba tafinsa. Babban ya kare layunsa da hannu kamar mai ɓoye ƙwai. Ya leƙa daga nesa. Ya ga katifa ta jiƙe, ya ga jariri, ya ga tsohon banza da leda a sama yana hawayen gyambo.

Iya Abu ce ta ƙarasa aikin, ba da saninta ba.

"Don Allah, 'ya'yana, ku bar mu mu wuce. Ɗiyata ce. Da ranta, ku taimake ni in kai ta da ranta."

Ba wanda ya dubi wani a cikinmu.

"Ɗage itacen! Ku wuce! Ke kuma mun san fuskarki!"

Lawal ya tsaya wurinsu, ya ce a ba shi adda. Garba ya ja mota.

Daga gada har Safana matan nan biyu na cikin motar, don haka Dije ba ta ɗaga hannu ba. Ƙafafun suka yi sanyi a cinyata, daga yatsu zuwa ƙauri. Iya Abu na shafa kan ɗiyarta ta saman zane, tana ce mata an kusa. Jariri ya yi kuka ya gaji. Ni dai ina riƙe da leda.

Ana kiran magariba muka shiga asibitin Safana. Ma'aikata suka fito da gadon turawa. Wani ya taɓa wuyan Sa'ade, ya dubi su Hajara, ya ja zanen ya rufe fuskar duka. A nan Iya Abu ta yi salati. Ni ma na yi nawa, wanda ya makara.

Dije na nan durƙushe. Hannun ya ƙage, ya ƙi buɗewa. Hajara ta kama wuyan hannun ta ɗaga, ta riƙa ɓanɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya.

"Saki," ta ce. Da bakinta, ba ta wurina ba.

Suka je famfo. Wannan ta zuba wa waccan ruwa, waccan ta zuba wa wannan. Na matsa kusa, ina cewa yau aikina na waya ya ƙare. Hajara ta yarfe hannu.

"Tsoho, ka ce mata ban yafe ba."

"Baffa, ka ce mata ban roƙa ba."

Na isar, yadda aka ba ni. Cikin makon ƙungiya ta ɗauke Dije zuwa wani gari mai nisa. Hajara ta koma Batsari. Ajin nan biyu an ƙone su, har da tsintsiyata.

Washegarin harin da hantsi aka kai Sa'ade. Mijinta bai samu zuwa ba, ba a san inda yake ba tukuna. Muka dawo makarantar da aka sauke 'yan gudun hijira. Kowa na ƙirga nasa, wannan ya ce kaza aka kashe a kasuwa, wancan ya ce sun fi haka. Ina zaune a inuwa ina kora wa ƙafata ƙuda, sai Iya Abu ta zo ta tsuguna nesa kaɗan, jariri a baya. Ta gaishe ni har da gajiyar jiya. Na amsa.

"Malam Tanko, ƙafafunta na hannunka. A ina ta cika?"

Na yi niyyar in ce a bakin asibiti. Ƙaryar da ta fi wannan na sha yi don goro ɗaya.

"Kafin gada," na ce.

Ta gyaɗa kai. Ba ta tambayi dalili ba, ta ga mai malafar nan kamar yadda na gan shi. Ta sassauta majanyi, ta sake ɗaurewa.

"Kanta na jikina. Na ɗauka barci ne." Ta dubi ƙasa. "Da kun bari ko a kunne na raɗa mata."

Mu huɗu ne manya a kanta, Musulmi, kowa da bakinsa. Shekararta ba ta fi ashirin ba. Ta tambaya sau biyu mace ce ko namiji, ba ta gan shi ba.

Iya Abu ta tashi ta tafi neman mai shayarwa.